Gwarzo mai gudu da ƙwallayen dabino shida

Ɗana, jiya muna rufe shago ka miƙo mini takarda ka ce, "Maigida, ga gwarzon da zan shiga wasan daren Alhamis da shi. Gudunsa ya fi na ƙara, don haka ina so a ba shi layi shida a kowane zagaye. Ya ka gani?" Na ce ka bar ni in kwana da ita. To na kwana, ga amsarka.

Zanen ya yi, kuma na ji daɗin da ka sa shi ɗan Ƙofar Sauri. Layi shidan nan ne, wato ya motsa sau shida a zagayen da kowa ke motsawa sau ɗaya, ba zan sa wa hannu ba.

Fara da allon da kai ka goge da hannunka. Kowane gida inci ɗaya ne, yana tsaya wa ƙafa 5. A ƙa'idar Dungeons & Dragons, wasan labari na kan allo da Gary Gygax da Dave Arneson suka fara fitarwa a 1974, bugun da ake yayi yanzu ya sa zagaye ɗaya daƙiƙa 6, mutum kuma yana cin ƙafa 30 a ciki, gida shida ke nan. Usain Bolt, da ya yi mita 100 a daƙiƙa 9.58 a Balin a 2009, gida arba'in da 'yan kai zai ci. Ƙara kuwa tana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa guda. Gwarzonka zai share kilomita 2 kafin zagaye ɗaya ya ƙare, sai mun yi masa allo mai tsawon mita 35, alhali falankin filawud ɗinmu ƙafa 8 ne. Daga nan Katsina zuwa Daura minti huɗu ya ishe shi. Saboda haka ka daina ƙirga masa gidaje. Rubuta a takardarsa cewa duk inda ido ya kai a kan allo, yana can in ya so. Wannan na ba ka kyauta, ba ya cutar da kowa.

Layi ne abin da ke cutarwa, ni kuma na ga hakan a shagon nan kafin ka zo. Akwai wani wasa mai suna Champions da ya fito a Amurka a 1981, wanda ya raba zagaye kashi 12. Mutum gama-gari yana motsi sau 2 a ciki, wanda ya sayi sauri da makinsa sai ya yi sau 6 ko 8. Tsarin ya burge ni, na kwaikwaye shi, amma ban sa wa saurin tsadar da su suka sa ba. Na ba wani yaro gwarzo mai layi takwas. Mu biyar ne kewaye da allo. Ya jefa ɗan lido mai fuska 20, ya sake jefawa, ya sake. Ya kwance ɓarayin, ya ƙwato jakar, ya rufe ƙofa. Mai riƙe da gwarzon ƙarfi, wani ɗan sakandare da ya kwana biyu yana fenta ɗan gunkinsa, yana ta murza shi a tafin hannu, layi bai zo kansa ba sai da faɗan ya ƙare. Ya miƙe ya ce bari ya je wurin mai shayi ya dawo. Bai dawo ba, Alhamis ta gaba ma bai zo ba, sai da na bi shi gida na ba shi haƙuri. Har yau abin yana ci mini rai, don laifina ne, ni na rubuta ƙa'idar. Ka duba dara: ko wane irin gwani ne, ɗa ɗaya yake turawa ya jira abokin karawarsa. Ranar da aka ce gwani ya tura uku a jere, an tashi daga dara.

Ga abin da za ka yi. Layinsa ɗaya ne kamar na kowa. Sai ka ajiye ƙwallayen dabino shida a gabanka, su ne numfashinsa. Duk lokacin da kake son ya yi abin da ya wuce na mutane, ka tura ƙwallo ɗaya tsakiyar allo. In a layinka ne, ƙwallo ɗaya ya ba ka ƙarin aiki ɗaya, ba ka wuce biyu a zagaye. Amma daɗin yana wajen layin wasu. An saki kibiya za ta sami abokinka, ka ce "tsaya", ka tura ƙwallo, gwarzonka ya fizge shi. Abokinka na neman igiya tana can bayan gari, ka tura ƙwallo, kafin ya rufe baki ga ta a hannunsa, shi kuma ya yi aikinsa da ita. Ka ga yanzu duk wanda ke zaune yana murna da gudunka, har addu'a zai riƙa yi kada ƙwallayenka su ƙare.

Ba sa dawowa sai ya ci abinci. Jikin da ya yi wannan gudu wuta ce mai cin itace, don haka sa shi mai yawan yunwa, wanda masu fura da masu ƙosai na unguwa duk sun san shi, wasu ma suna bin sa bashi.

Sai batun birki. Tambayi kowane ɗan acaɓa: in ka ninka gudu sau biyu, nisan da za ka ci kafin ka tsaya sau huɗu yake ninkuwa, haka ƙarfin karon. A hanyar Daura da ta miƙe ba mai kama shi. Shigar da shi lungunan cikin gari wajen Gobarau, inda mutum biyu ba sa jerawa, ko kasuwa ana jajibirin Sallah, ko safiyar hunturu da hazo ya rufe gari. Nan ne zan ce ka jefa ɗan lido kafin kowace kwana, in lambar ta gaza ya sha katanga. Nan sauri ke haifar nawa. Kuma in ya keta gudun ƙara a cikin gari, tsawar da za ta biyo shi tana iya fasa gilasan mutane, ni kuma a matsayina na mai jan labari sai na aiko masa da mai unguwa. Kar ka ɗauki waɗannan a matsayin hukunci. Su ne za su sa ka riƙa tunani kafin ka tura ƙwallo.

Abu ɗaya na nema a takardarka ban gani ba. Ka cika ta da abin da yake iyawa, ba ka ce komai kan halinsa ba. Mutumin da yake ganin kowa kamar a tsaye yake, yaya yake ji in dattijo ya tsayar da shi da doguwar gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, ya kwanan su wane? Yana iya tsugunawa ya jira? Ba shi abin da gudu ba ya kawowa. A ce mahaifiyarsa na kwance, ya ɗebo magani daga Kano cikin minti takwas, amma sauƙi sai ya zauna a bakin gado ya jira kamar kowa. A ce gonarsa na jiran ruwa. Ka zaɓi ɗaya ka rubuta shi layi biyu a ƙasan takardar, ni zan san yadda zan saƙa shi cikin labari.

Gunkin da ka sassaƙa kuma ya faye karkata gaba, zai riƙa kifewa in an taɓa allo. Faɗaɗa gindinsa kaɗan, ka manna masa washa ta ƙarfe a ƙasa, akwai su a gwangwanin da ke ƙarƙashin benci. Ran Alhamis bayan Isha'i ka zo da shi da dabinonka. In mun yi zagaye uku na ga ƙwallaye shida sun yi yawa, za mu mai da su biyar.