Amsa kan ko Timucua su ne Seminole

Malam, tambayarka ita ce ko Timucua su ne Seminole na yau. A'a, ba su ba ne, ko da yake dukansu ƙabilun 'yan asalin Amurka ne. Seminole sun samo asali ne galibi daga 'yan ƙabilar Creek da suka gangaro Florida, a kudu maso gabashin Amurka ta yau, a ƙarni na 18, lokacin Timucua sun kusa ƙarewa.

Timucua sun zauna a arewacin Florida da kudu maso gabashin Georgia, cikin ƙananan masarautu da yawa, kuma ta wajen uwa suke bin dangi. Suna noman masara da wake da kabewa. Faransawa sun kafa sansanin Fort Caroline a 1564 a ƙasar Sarki Saturiwa, ɗaya daga cikin sarakunan Timucua, Sifaniyawa kuma suka gina garin St. Augustine a 1565. Daga nan cututtuka da aikin tilas suka yi ta cin su, sai farmakin masu kama bayi daga Carolina, yankin da Ingila ke mulka, wajen 1702 zuwa 1704. A 1763 ragowarsu suka bi Sifaniyawa zuwa Cuba.

Abin da ya fi burge ni shi ne harshensu. Fada Francisco Pareja, wani limamin Katolika daga Sifaniya, ya rubuta nahawunsa a 1614, kuma har yau masana ba su tabbatar masa da wani ɗan'uwa ba.