Hukuncin Cinikin Kan Ungulu ga Ɗan Shimfiɗa

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan shimfiɗa ne, sana'ar da na gada wurin mahaifina, ina sayar da saiwoyi da sassaƙe da fatun namun daji a kasuwar garinmu. Akwai wani da yake kawo mini busassun kawunan ungulu. Ya ce guba yake barbaɗawa a mushen jaki ko a kayan cikin da aka zubar bayan kwata, in suka ci suka faɗi sai ya bi ya tsince. Kai ɗaya yana ba ni ribar da saiwoyi ba sa ba ni a mako. Ɗana da ke makaranta ya ce hukuma ta hana, wai ungulu na ƙarewa. Na tambayi wani almajiri a unguwarmu, ya ce a Malikiyya duk tsuntsu halal ne, dokar gandun daji kuwa ta Bature ce, ba mai ikon hana abin da Allah ya halatta. Yanzu haka da sauran kaya a hannuna, ga iyali. Mene ne hukunci?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, da zuciyarka ta kwanta da amsar farko da ba ka rubuto ba, don haka ka gode wa Allah da wannan rashin natsuwar.

Almajirin bai yi wa Malikiyya ƙarya ba. A Risala da Muhtasar, littattafan fiƙihun Malikiyya, an halatta cin tsuntsaye har masu farauta da ƙumba, ko da yake jumhur, wato mafi yawan malamai, sun hana saboda hadisin Ibn Abbas da ke cikin Sahihu Muslim. Sai dai tambayarka ba ta tsaya a nan ba, domin ka faɗi kalma ɗaya da ta sauya komai: guba. Tsuntsun da ya ci guba ya mutu ba a yanka shi ba, ba a farauce shi da bisimilla ba, mushe ne a kowace mazhaba. Kansa da ƙashinsa da bakinsa najasa ne a wurin Malikiyyar da aka kafa maka hujja da ita, kuma haramcin kuɗin mushe sananne ne. Cinikin nan haramun ne, ko da ungulu ta cika sararin sama.

Abu na biyu ba ka ambata ba, amma ni da kai mun san shi. Mai zuwa neman kan ungulu da wuya ciwon ciki ya kawo shi. Yawanci boka ne ya aiko shi, don duba, ko sa'ar caca, ko neman rinjaye a kan wani. Wanda ya sayar da kaya yana sane da cewa tsafi za a yi da su yana da kaso a cikin zunubin. Wanda kuma ya saya don a daka a ba mara lafiya ya sha, ka tuna gubar da ta kashe tsuntsun ta baki da maƙogwaro ta bi. Kana iya zama sanadin ajalin ɗan wani ba ka sani ba.

Inda nake son mu daɗe shi ne maganar cewa hukuma ba ta da ikon hana abin da Allah ya halatta. Maganar tana yawo a bakin mafarauta da 'yan gawayi, har da wasu masu karatu, kuma da yake ta yi kama da kishin addini mutane suna jin nauyin musa ta. Kuskure ce. Da shugaba zai ce naman barewa haramun ne kamar na alade, ba mai bin sa, domin wannan canza shari'a ne. Amma ya ce kada a farauci dabba kaza a wuri kaza saboda ta kusa ƙarewa, wannan taƙaita halal ne don maslahar jama'a, kuma Annabi (SAW) ne ya fara shi. Ya keɓe wani wuri mai suna Naƙi'i kusa da Madina ya hana kiwo a cikinsa sai dawakin Musulmi, alhali ciyawa halal ce ga kowa. Wata shekara ya hana ajiye naman layya fiye da kwana uku saboda mabuƙata da suka shigo Madina, da dalilin ya gushe ya ɗage hanin. Sayyidina Umar ya keɓe makiyayun Sharaf da Rabaza, sahabbai suna raye. Ke nan gandu ya girmi zuwan Bature ƙasarmu da shekara fiye da dubu.

Za su ce ai hadisi ya ce babu keɓe wuri sai ga Allah da Manzonsa. Abin da hadisin ya rushe shi ne al'adar shugabannin jahiliyya, masu killace makiyaya don dabbobinsu su kaɗai. Da yana nufin ba shugaban da zai keɓe wuri bayan Annabi (SAW), da Umar bai yi ba. Za su kuma kawo ayar Baƙara da ta ce an halitta mana duk abin da ke cikin ƙasa. An halitta mana mu duka, har da jikokin da ba a haifa ba, to da wane haƙƙi mutum ɗaya zai ƙarar da rabon kowa? A surar nan dai Allah ya zargi wanda yake yawo a ƙasa yana halaka shuka da zuriya. Kuma Annabi (SAW) ya janye daga umarnin kashe karnuka baki ɗaya saboda su al'umma ce daga cikin al'ummai. In an ji tsoron shafe jinsin kare, ungulu ma al'umma ce mai tasbihi.

Gaskiya ɗaya da ke tare da masu ƙorafin ita ce sau da yawa doka kan talaka take faɗawa ta tsallake babban dillali. Wannan zalunci ne, kuma Umar ya yi wa mai gadin gandunsa Hunayyu wasiyya da akasinsa: ya bar mai 'yan raƙuma da 'yan tumaki ya shiga, ya tare garken Ibn Aufu da na Ibn Affan, domin su suna da gonakin dabino da za su koma wa. Hukumar da ta hana ka wannan ciniki wajibi ne ta fara da manya. Amma zaluncin mai aiwatar da doka ba ya mayar da ɓarna halal.

Ɗanka kuwa ya yi gaskiya. Duk wanda ya haura shekara arba'in ya san yadda ungulu ke jeruwa a katangar kwata da rufin rumfunan mahauta, ana fiɗa suna tsalle-tsalle a gefe ba sa ko tsoron mutane. Ka je kwatar garinku gobe da safe ka ƙirga. Tun 2015 masana suka sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Ƙwai ɗaya take yi a shekara, shi kuwa mai kawo maka kaya da mushe ɗaya yake kashe garke. A 2020 an kashe fiye da 2,000 da guba a Gini Bisau, da yawa an tsince su babu kai. A Indiya wani maganin shanu mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayensu kafin a hana shi a 2006, mushe ya taru, karnukan bola suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru. Aikin share mushe kafin cuta ta yaɗu Allah ya ɗora wa ungulu, in ta tafi mu ne za mu ɗauki cutar. Irin wannan ne ya sa Majalisar Malaman Indonesiya ta ba da fatawa a 2014 cewa farauta da cinikin dabbobin da ke gab da ƙarewa ba bisa ƙa'ida ba haramun ne.

Tunda sassaƙe kake sayarwa, bari in ƙara maka abin da ba ka tambaya ba. Kada ka sayi ɓawon da aka zagaye gindin bishiya aka ɓare shi duka, wannan kisa ne. A yanki gefe ɗaya a bar sauran ya warke. Manyan itatuwa irin su tsamiya da maɗaci da rimi, a kansu ungulu ke sheƙa, su ne kuma ke tare mana iska da zafi a wannan zamani da damina ta rikice hamada ke matsowa. Sana'arka ma da su take rayuwa.

Kayan da ke hannunka kada ka sayar, kada ka bayar, kada kuma ka jefa a bola inda kare ko kaji za su ci. Ka haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya ka binne. Kuɗin da ka ci kafin ka san hukunci, abin da nake gani shi ne ka yi istigfari ya wadatar, in Allah ya buɗa maka ka yawaita sadaka. Mai kawo maka kaya ka yi masa nasiha a asirce, in ya ƙi ka sanar da mai unguwa ko ma'aikatan gandun daji, domin gubar da yake zubawa bayan kwata tana iya kaiwa ga dabbobin mutane da ruwan shansu. Ribar za ta ragu na ɗan lokaci, ba zan ɓoye maka ba. Ka zauna da ɗan nan naka ku duba cikin shimfiɗar gaba ɗaya, duk fata ko ƙashin da hukuma ta hana ku fitar da shi tare.

Wallahu a'alam.