Firefox ya ce yana buɗe, alhali babu shi a allo

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da ɗan shagon buga takardu a Agege, kuma Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux, ce a kwamfutata. Jiya ina cike wa wani fom sai Firefox ya daskare, ya ɓace. Tun daga nan duk na danna shi sai ya ce wai yana aiki amma ba ya amsawa. Maƙwabcina ya ce in kai kwamfutar Computer Village, kasuwar kwamfutoci da ke Ikeja, a wanke ta gaba ɗaya. Ya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, adana kuɗin motarka, wannan bai kai a je Ikeja ba.

Duk lokacin da Firefox ya tashi, yakan ajiye wani ɗan fayil a jakar (folder) da yake tara bayananka, kamar takalmin da ake bari a bakin ƙofa don mai zuwa ya san da mutum a ciki. Dalili shi ne kada Firefox biyu su riƙa rubutu a jaka ɗaya lokaci guda, su dagula maka tarihin shafuka da kalmomin sirri. In ka rufe shi lafiya, sai ya saki jakar. In ya faɗi, ko aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, takalmin na iya zama a ƙofa bayan mai shi ya tafi.

Amma fa sau da yawa mai takalmin yana nan, tagarsa ce kawai ta ɓace. Don haka kada ka fara da gogewa. Buɗe System Monitor, ka nemi firefox a jerin abubuwan da ke gudana, ka kashe shi, ko ka rubuta pkill firefox a Terminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni. In wannan ya yi maka nisa, kashe kwamfutar ka sake kunnawa. Galibi a nan maganar ke mutuwa.

Sai in ya ƙi ne za ka shiga jakar. Tun daga Ubuntu 22.04 tana ~/snap/firefox/common/.mozilla/firefox/, a tsofaffin kuwa ~/.mozilla/firefox/ (alamar ~ na nufin jakarka ta Home). Danna Ctrl+H don ɓoyayyun fayiloli su fito, ka buɗe jakar da ke da "default" a sunanta, ka goge lock da .parentlock. Su biyun nan kaɗai. Kada hannunka ya kai ga logins.json da key4.db, can kalmomin sirrinka suke, ko places.sqlite mai riƙe shafukan da ka adana. Ni dai nakan kwafe jakar zuwa filash kafin in taɓa komai, musamman a kwamfutar da ake neman abinci da ita.

Masu Windows, sunan naku parent.lock, kuma ganinsa ba laifi ba ne, yakan zauna ko an rufe Firefox lafiya. In ya ƙi goguwa, to Firefox na raye a ɓoye. Danna Ctrl+Shift+Esc ka kashe shi a Task Manager.

Chrome a Linux shi ma yana da nasa, SingletonLock, a ~/.config/google-chrome/. Yana riƙe sunan kwamfutar da lambar aikin da ya kafa shi. Shi ya sa in aka sauya wa kwamfuta suna bayan ya faɗi, sai ya dage cewa wata kwamfuta daban ce ke amfani da bayananka. Ka tabbatar Chrome a rufe yake, ka goge fayil ɗin, zai kafa sabo da kansa.