Amsa: Wane sulhu ake yi da 'yan asalin Kanada a rundunar soja?

Malam, ka tambaya ko wane laifi aka yi wa 'yan asalin Kanada, wato mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, da har ake maganar sulhu da su a cikin soja. Laifin ya fi fitowa bayan an gama yaƙi. Sama da mutum 4,000 daga cikinsu suka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, sama da 3,000 kuma na Biyu, alhali yawancinsu ba su samu cikakken 'yancin zaɓen tarayya ba sai 1960.

A fagen daga kafaɗa da kafaɗa suke da Turawa. Da suka dawo gida, haƙƙoƙinsu na tsofaffin sojoji sai sun bi ta hannun jami'in gwamnati mai kula da yankinsu, wasu ma ba a taɓa sanar da su abin da ke nasu ba. Dubi Saja Tommy Prince: ya yi Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi na Koriya, ƙirjinsa cike da lambobin yabo, amma a cikin talauci ya rasu a Winnipeg a 1977. Wallahi abin da ciwo.

An dai motsa. An buɗe musu wurin tunawa a Ottawa a 2001, ana karrama su duk 8 ga Nuwamba, kuma a 2002 gwamnati ta yi tayin diyyar da ba ta wuce dalar Kanada 20,000 ga kowane mutum ba. A ganina kuɗin sun yi kaɗan ƙwarai, kuma sun zo bayan da yawa daga cikin masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya.