Tambayi Mai Gyara: Fitilar Firjina Ta Koma Ƙifta Ido

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Firjina mai ƙofa biyu ne, shekararsa huɗu a hannuna. Sati uku ke nan fitilar LED ɗin da ke ciki take ƙiftawa, wani lokaci a hankali, wani lokaci da sauri har ido ya yi ciwo. Sanyi kuwa yana nan yadda yake. Na kira wani mai gyara, ko murfin fitilar bai buɗe ba ya ce gas ne ya ragu, in ba a ƙara ba kwamfuresa, wato injin da ke tura gas ɗin, za ta ƙone. Maigidana kuma ya ce a ƙyale tunda yana sanyi. Wa zan bi?
— Wata uwargida

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar gas dai ki ajiye ta gefe. Fitila ba ruwanta da gas, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. Gas yana zagayawa ne cikin bututu a rufe ruf, ba ya ƙarewa kamar mai a mota. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo, kuma abin da za ki fara gani shi ne sanyi ya ja baya, kwamfuresa na ta aiki ba hutu. Ke kuma kin ce sanyinki lafiya lau. Wanda ya ce a ƙara gas saboda fitila ya bar jaki yana dukan taiki, in ma ba aljihunki yake duka ba.

Maigida ya fi shi kusa da gaskiya, amma ban yarda a ƙyale ba tare da an san dalili ba. Sau da yawa abin ƙarami ne. Wani lokacin kuma fitilar tana tona asirin wata matsala ce da ba tata ba.

Tsohon ƙwan fitila mai zare a ciki, wanda muka saba da shi a firji, mai wat 15 ko sama da haka, zafi yake yi kafin ya ba da haske. Ko wuta ta ɗan tsinke na ƙiftawar ido, zaren bai gama hucewa ba ta dawo, don haka ba kya ganin komai. LED ba haka take ba. Wat ɗaya ko biyu take ci, kuma ba ta da haƙuri: wuta ta ragu ta dushe nan take, ta dawo ta haska. Ba ta kuma shan wutar soket kai tsaye. Sai an sauko da ita daga bolt 220 ko 240 zuwa 'yar kaɗan mai tafiya hanya ɗaya, galibi bolt 12. A yawancin sababbin firji, allon lantarkin da muke kira bod ne ke wannan aikin, ya turo wutar ta siraran wayoyi zuwa ɗan falallen da ƙwayoyin fitilar ke kai. Ko ina aka samu tangarɗa a wannan doguwar hanya, a fitila za a gani.

Saboda haka kafin a taɓa sukundireba, ina so ki yi aikin ido na kwana biyu. Tambayar ita ce: yaushe take ƙiftawa?

Ki buɗe ƙofar ki duba bakin firjin, sama ko gefe, za ki ga wani ɗan maɓalli da ƙofa ke dannawa idan an rufe. Shi ne makunnin fitilar. Ki danna shi da yatsa ki saki, sau goma. Ki ɗan girgiza shi. In ƙiftawar tana bin motsin yatsanki, ko kika ji maɓallin yana maƙalewa, ba ya fitowa da ƙarfinsa, kin kama ɓarawon. Sau tari wani abu mai danƙo ne ya zube ya bushe a kansa. A cire fulogi, a goge da tsumma mai ɗan damshi, a bar shi ya bushe. In ba ki ga maɓalli ba, naki mai maganaɗisu ne, a ɓoye yake cikin roba, yawanci ta saman ƙofa. Shi kuma ƙofar da ta ɗan sunkuya saboda nauyin kwalabe ita ke ruɗa shi.

Wannan makunnin ne ya sa na ƙi yarda da a ƙyale. A firjin da ba ya tara ƙanƙara, shi ne ke gaya wa bod an buɗe ƙofa, bod kuma ya tsayar da fankar da ke hura sanyi. Idan ya lalace ya riƙa cewa ƙofa a buɗe take alhali a rufe take, fanka za ta riƙa tsayawa, sanyin ɓangaren ƙasa ya ragu a hankali ba ki sani ba. Gwajin mai sauƙi ne: kunna bidiyo a wayarki, ki ajiye ta a ciki, ki rufe na minti ɗaya. In fitilar ta mutu ɗif, madalla. In tana ci ko tana ƙiftawa a rufe, a canza makunnin.

Sai ki riƙe ƙofar ki riƙa kaɗa ta a hankali, gaba da baya. A nan zan ba ki labarin kunyar da na taɓa sha. Wani firji na canza wa fitila har sau biyu, mai shi yana dawo da ni, ni kuma ina zagin kamfanin da ya yi kayan. A zuwa na uku ina tsugune, ƙaramin yaron gidan ya jingina da ƙofar, fitila ta ɗauke. Ya ɗaga, ta dawo. Na cire murfin da ke kan maƙalar ƙofa ta sama, sai ga wata 'yar jar waya. Daga waje lafiya ƙalau, ko ƙwarzane babu. Da na lanƙwasa ta tsakanin yatsu biyu sai na ji ta laɓe kamar zare, jan ƙarfen ciki ya karye, robar kawai ke riƙe da shi. Shekara da shekaru ana buɗewa ana rufewa, dole wata rana ta gaji. Tun daga ranar ba na sayen komai sai na kaɗa ƙofa.

Abu na uku, ki saurari kwamfuresa. Lokacin da za ta tashi tana jan wuta ninkin abin da take ci in tana tafiya, sau da yawa. In fitilar ta ɗan dushe sau ɗaya daidai lokacin da kika ji gurnanin tashinta, sannan ta daidaita, wannan ba ciwo ba ne. Amma in fitilun ɗakin ma suna rawa tare da ita, matsalar a bango take. Ki taɓa fulogin: da ɗumi? Ya yi baƙi a gindin ƙafafunsa? Yana lilo a cikin soket? Soket mai sako-sako ba abin wasa ba ne, gobara yake haifarwa, kuma firji ba ya son a jona shi a doguwar wayar ƙari tare da tukunyar dafa ruwa da dutsen guga. A ba shi soket nasa shi kaɗai. Idan kuwa kina jin "ƙas" daga bayan firjin duk bayan 'yan mintoci, fitila ta dushe, kwamfuresa ta yi yunƙuri ta kasa, to galibi ɗan abin da ke tayar da ita ne ya gaza. Wannan ma ba gas ba ne, kuma da shi ne da tuni sanyinki ya tafi.

In duk waɗannan ba su nuna komai ba, tana ƙiftawa ne kawai ba dare ba rana, sai a je kan fitilar kanta. A cire fulogi tukuna. Murfin roba ne mai 'yan haƙora, a ɓamɓare shi da wani abu marar kaifi. Ban da wuƙa, don Allah. Yawancin firjin zamanin nan gas ɗin R600a ke cikinsu, yana kama wuta, kuma ba ki san inda bututu ya bi a bayan robar ba. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Ki kai falallen wurin haske. Kowace ƙwaya za ki gan ta rawaya. Shuɗin haske take fitarwa, rawayan shafen ne ke mayar da shi fari. In kika ga ɗigon baƙi kamar tsinin allura a tsakiyar ɗaya, ta ƙone, kuma da yake a jere ake haɗa su, guda ɗaya ta isa ta rikita sauran. Ki kuma duba inda wayar ke shiga. Kore-kore ko farin gari a kan ƙarafunan alamar raɓa ce. Sanyi ba ya cutar da LED, daɗinsa ma take ji. Damshi ne maƙiyinta. Shi kuma yana shigowa ne ta robar ƙofa da ta saki. Ki matse takarda a ƙofa ki ja, a wurare da dama. Inda ta zare ba gardama, nan iska ke shiga, kuma in ba a gyara robar ba sabuwar fitilar ma haka za ta ƙare.

Bod shi ne na ƙarshe, shi ya fi tsada, shi kuma wasunmu suka fi saurin ambata. Ki fara cire fulogi na minti biyar ki mayar, wani lokacin hakan kaɗai ya isa. In mai gyara ya ce bod ne, ki ce ya sa mitarsa ta auna bolt a bakin wayar fitilar a gabanki. In lambar ta tsaya cak a kan abin da aka rubuta a jikin falallen, bod ba shi da laifi. In tana hawa tana sauka, to, da gaskiyarsa, kuma galibi kafasita, wata 'yar gwangwani a kan bod mai tara wuta, ita ce ta kumbura, kanta ya yi tozo maimakon ya kwanta shafal. Mai hannu zai iya canza ita kaɗai. Wannan ɓangaren kada ki sa hannu da kanki, kafasita tana riƙe wuta ko bayan an cire fulogi. Wajen sayen sabon falalle kuma a tafi da tsohon, a dace da lambar da ke jikinsa, don kama da wane ba ta wane.

TAMBAYA: Malam, nawa tsohon firji ne mai ƙwan murɗawa. Da ya mutu na sa na LED, tun ranar yake rawa. Ko in koma tsohon iri?
— Wani ɗalibi

AMSA: Ɗana, cire fulogi ka leƙa cikin mazaunin ƙwan. A can ƙasa akwai ɗan harshen ƙarfe da gindin ƙwan ke taɓawa. Tsufa kan sa ya kwanta. Ɗan ɗago shi kaɗan, ka murɗa ƙwan ya zauna daram. In bai daina ba, ka tuna ko da can fitilar takan haska ne a hankali idan an buɗe ƙofa. In haka ne, firjinka yana da abin rage haske da aka yi domin ƙwai mai zare, kuma LED na gama-gari ba ya jituwa da shi. Ko ka nemi wanda aka rubuta a kwalinsa cewa na firji ne kuma yana karɓar ragin haske, ko ka koma tsohon irin, amma kada ka wuce wat ɗin da aka rubuta kusa da mazaunin, in ba haka ba, zai iya narkar da murfin. Gindin yawancinsu E14 ne, wato ƙaramin gindi mai murɗawa. Ka tafi da mataccen a aljihu ka gwada.