Amsa ga mai neman karatun adana takardun tarihi a ƙasar waje

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, inda ka bayyana cewa ka kammala digiri na farko a fannin ɗakin karatu, kana aiki a ofishin rajista na wata ma'aikata, kuma kana so ka fito waje ka yi digiri na biyu a ilmin adana takardun tarihi, sai dai wasu suna ce maka asarar kuɗi ce, tunda yanzu ana ɗaukar hoton takardu a zuba a kwamfuta, shi ke nan. Ni da nake wannan aiki a nan Kanada ina ganin masu wannan magana ba su fahimci inda wahalar take ba.

Takarda idan ta tsira daga gara da danshi da gobara tana iya shekara ɗaruruwa ana karanta ta. Fayil ɗin kwamfuta kuwa ba ya karantuwa sai da na'ura da manhajar da suka dace da shi, su kuma ba sa daɗewa ake daina ƙera su. Misalin da kusan kowane malami yake kawowa a aji shi ne na BBC, wadda a 1986 ta tattara bayanan rayuwar Birtaniya a kan faifan leza domin cikar shekara 900 da rubuta kundin Domesday na 1086, wanda ya ƙididdige filaye da dukiyar Ingila. Kafin a cika shekara 20 na'urorin karanta faifan sun kusa ƙarewa, har sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka ceto bayanan a 2002 ta hanyar sa sabuwar kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwar, alhali tsohon kundin na fata yana nan a ma'adanar tarihi ta Birtaniya da ke Kew, a Landan, ana karanta shi.

Amma abin da ya fi wannan nauyi, wanda kuma saboda shi nake ganin karatun ya cancanci ɗawainiyarsa, shi ne sahihanci. Ko da fayil ya buɗu bayan shekara 50, da me za a tabbatar cewa shi ne wanda ofishin ya samar, ba a taɓa ko harafi ɗaya ba? Aikin ya yi kama da na malaman hadisi wajen bin isnadi: dole a san wanda ya rubuta, da ranar, da hannuwan da ya bi, da kowane sauyi da aka yi masa. A Jami'ar British Columbia da ke Vancouver, inda aka fara digiri na biyu na wannan fanni a 1981, Farfesa Luciana Duranti ta ɗauko tsohon ilmin tantance takardun sarakuna da majami'u na Turai, wanda Jean Mabillon ya kafa tushensa a 1681, ta ɗora shi a kan takardun kwamfuta a binciken InterPARES. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin kotu ta karɓi bayanin da ya fito daga kwamfuta, ga kuma takardun filaye da na fansho da sakamakon jarrabawa duk suna komawa kwamfuta.

Saboda haka kada sunan jami'a ya ruɗe ka; nemi jadawalin darussansu ka karanta da kanka. Ka duba ko suna koyar da tsarin OAIS na adana bayanan kwamfuta na dogon lokaci, wanda hukumomin binciken sararin samaniya suka tsara kuma ya zama ma'aunin duniya na ISO 14721, sannan ko ɗalibi yana sa hannunsa a aiki da manhajoji irin su Archivematica da DROID, yana lissafo lambar tantancewa da ke tona asirin fayil idan ya lalace, yana kuma sauya fayiloli zuwa tsarin da zai daɗe kamar PDF/A. Shirin da ba shi da zaman koyon aiki a wata ma'adana, ni ba zan biya masa kuɗina ba. Ka kuma tambayi abin da suke koyarwa game da tsaro, domin harin da aka kai wa kwamfutocin Laburaren Birtaniya a watan Oktoba na 2023 ya durƙusar da ayyukansa na tsawon watanni.

Game da wuri, karatun Vancouver shekara biyu ne, kuma gidan haya a garin yana da tsada ƙwarai. A Birtaniya, a Liverpool ko Glasgow ko jami'ar UCL da ke Landan, galibi shekara guda ne, Jami'ar Dundee kuma tana koyarwa daga nesa, wanda zai ba ka damar riƙe aikinka. Tallafin karatu na Chevening, na gwamnatin Birtaniya, yana buƙatar shaidar aiki ta shekara biyu, da alkawarin komawa gida na aƙalla shekara biyu.

Makarantun nan suna fifita wanda ya taɓa aiki da takardun tarihi, don haka kafin ka cika fom, ka nemi izinin yin wasu watanni a reshen Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ko a Gidan Arewa. A takardar neman gurbi kuma ka bayyana matsala guda daga ofishinku, misali inda wasiƙun imel na manyan jami'ai suke shiga idan an yi musu canjin wurin aiki. Idan ka rubuta ta, turo mini in duba. Ka gaishe da mutanen gida.