Amsa: 'yan wasana suna yin nauyi a eFootball

Ɗan'uwa, ka ce a eFootball, wasan ƙwallon da ake bugawa a waya, in ka danna fasin sai ƙwallon ta yi jinkirin fita, kuma kullum bayan minti na 80 ake farke maka. Kafin ka rantse cewa Konami, kamfanin da ya ƙirƙiro wasan, na yi maka maguɗi, buga wasa ɗaya da kwamfutar cikin wasan, ba da wani mutum ta intanet ba. In can yaran suna gudu lafiya lau, to netwok ɗinka ne. Yawan data ba ya maganin wannan, saurin amsawar layin ake so, shi ya sa wasan dare, lokacin da kowa ya hau layi, ya fi cin rai. Waya ma in ta ɗau zafi sai ta riƙa sarƙewa, musamman tana jikin caji. Rage ingancin hoto a saitin.

Maganar farkewa kuwa, ina zargin babban yatsanka. Yawancinmu tun daga busa usur muke danne maɓallin gudu, kafin ƙarshe 'yan baya sun galabaita, ɗan gaba sabon jini ya shigo ya wuce su kamar a tsaye suke. Yi canji wajen minti na 60. Wanda kibiyarsa (alamar da ke nuna ko ɗan wasa yana kan ganiyarsa) ta kalli ƙasa kuma ajiye shi a benci, ko da Mbappé ne.